Rigar Waya: Darasin Jirgin Ruwa ga Kasuwannin Madawa, Buza da Keita

Daga Madawa zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota, kuma mutumin Buza ko Keita kan tsufa bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Duk da haka, ma'aikatan jirgi sun riga shi sanin wani abu game da wayar da ke rataye a shagonsa: idan gobara ta tashi, robar da aka lulluɓe wayar da ita tana iya kashe mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba.

A ranar 4 ga Mayu 1982, lokacin yaƙin tsibiran Falkland, makami mai linzami na Ajantina ya sami jirgin yaƙin Ingila mai suna Sheffield. Mutum 20 suka mutu. Baƙin hayaƙi ya cika jirgin har masu kashe wuta suka kasa kutsawa, kuma robar wayoyin lantarki tana cikin abubuwan da suka haddasa shi. Bayan nan rundunar ruwan Ingila ta koma amfani da waya mai ƙarancin hayaƙi.

Robar da aka fi sani ita ce PVC. Tana da arha, tana lanƙwasuwa, amma tana ɗauke da sinadarin kulorin. In ta ƙone sai ta fitar da iska mai guba wadda ke zama asid da zarar ta haɗu da danshin ido ko huhu, ta kuma cinye ƙarfen na'urori. Wayar jirgi ta zamani ba ta da kulorin. Ana cuɗa rigarta da wani farin gari wanda ke sakin tururin ruwa idan zafi ya kai kusan digiri 200, sai ya rage wa wutar ƙarfi. Wayoyin ƙararrawa da na famfon kashe gobara kuwa, gwajinsu ya fi tsanani: a sa su cikin wuta mai digiri 750 na minti 90, kuma dole su ci gaba da aiki.

A jihar Tawa, inda Madawa da Buza da Keita suke, ba a kai ga wannan ba, kuma babu mai cewa ɗan tireda ya sayi wayar jirgi. Matsalar nan ta fi sauƙin ganewa. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta 2023, mutane suka ƙara rungumar janareta da sola, ko da yake tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018. Kowa ya zama mai haɗa kuran ɗin kansa. Sai ka ga siririyar waya an ja ta kan kwano mai zafi, ta ratsa rumfar zana, an ɗaure mahaɗinta da leda, an ɗora mata firji da fanka da cajin waya talatin.

Rigar PVC an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. A watan Afrilu, inuwa ma kan haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Ga kuma wayar jabu, wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka kawai yake iya ɗauka, saboda haka yana saurin zafi. Masu sola suna da nasu tarkon: batir mai bolt 12 ya fi buƙatar waya mai kauri, ba siririya ba kamar yadda da yawa suke zato.

Mai sayen waya a kasuwar Madawa ya kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana ƙarƙashin ja, ya ajiye ta. Kauri 1.5 na fitilu ne, 2.5 na soket. A sa wayar cikin bututu, a nisanta ta da zana da buhunan albasa, a kuma sa na'urar katse wuta kusa da batir kafin a haɗa komai.