Ƙarin da Ke Tsirowa Daga Jakunkunan Maiƙo na Fata

Sanin kowa ne cewa fatar ɗan'adam tana fitar da maiƙo, musamman a goshi da hanci da fatar kai. Wannan maiƙo daga waɗansu 'yan jakunkuna yake tsattsafowa, waɗanda yawancinsu ke manne da saiwar gashi. Babu su a tafin hannu da tafin ƙafa. A gefen fatar ido kuwa akwai wasu manya da ke jere, waɗanda likitan Jamus Heinrich Meibom ya bayyana a 1666. Aikinsu shi ne hana ruwan ido saurin bushewa.

Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, ƙari kan tsiro daga waɗannan jakunkuna. Akwai marar illa, wanda kan fito a fuska, launinsa rawaya-rawaya, girmansa bai cika wuce ƙwayar wake ba. Akwai kuma na sankara, wanda ya fi kama dattawa, ya kuma fi son fatar ido ta sama, domin jakunkunan sun fi yawa a nan.

A ganina, babban haɗarin wannan na biyu shi ne kamanninsa da hazbiya. Ba tsuntsuwar nake nufi ba, ƙurjin nan na bakin ido da Bahaushe ya ba suna ɗaya da ita. Hazbiya takan tashi, ta nuna, ta fashe cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa ƙarin sankara ba ya ciwo, yana da tauri, in an matse ko an tsaga sai ya dawo a wuri ɗaya, har gashin ido ya zube a gurbin. Haka mutum zai yi watanni yana shafa magani, ita kuwa cutar tana ratsawa zuwa kaluluwar gaban kunne da ta wuya. Ba a tabbatar da ita sai an yanki tsoka an duba da madubin likita, maganinta kuwa fiɗa ne.

Abin mamaki, marar illar ma ba abin rainawa ba ne. A 1967 likita Muir na Ingila, sannan Torre na Amurka a 1968, suka ba da rahoton marasa lafiya masu irin wannan ƙari tare da sankarar cikin jiki, musamman ta hanji. Daga baya aka gane gado ne: idan uwa ko uba na ɗauke da shi, damar da kowane ɗa ke da ita ta gadonsa rabi ce. Saboda haka likitan da ya cire irin wannan ƙari yakan tambayi tarihin dangi, kuma in hali ya nuna, ya sa a leƙa babban hanji da na'ura, mace kuma a duba mata mahaifa.