Gadar masu ƙafa ta shiga zanen tasha tun daga farko

A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan biyu. Layin zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, bai ratsa Kankiya ko Kusada ba. Amma mutanen yankin suna da ruwa da tsaki a ciki, domin tashar Katsina ko ta Kano za su riƙa nufa da kayansu. Sun kuma san yadda babbar hanya ke raba gari biyu, tunda titin Kano zuwa Katsina ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya. Direban tirela yana iya kauce wa yaro, jirgin ƙasa kuwa ba ya kaucewa, kuma idan yana gudu da kaya sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Duk inda aka kafa tasha kasuwa na biye da ita: masu abinci, 'yan dako, 'yan acaɓa, yara masu talla. Waɗannan za su tsallaka layin, da gada ko babu.

Wasu za su ce an sha gina irin waɗannan gadoji a Legas da Abuja, mutane suka ƙi hawa. Haka ne, sai dai a dubi inda aka kafa su da yadda aka gina su. Gadar da ke nesa da ƙofar tasha, mai matakala a tsaye, ba ta da amfani ga tsohuwa, ko gurgu mai keke, ko mai tura baro, ko makiyayin da ya koro tumaki. Ana buƙatar gangara mai sauƙi, da fitila don dare, da katanga a gefen layin yadda yanke ba zai yiwu ba. Faɗi ma abin lura ne: a Satumbar 2017 turmutsutsu a ƙuntatacciyar gadar tashar Elphinstone Road da ke Mumbai a Indiya ya kashe mutum sama da 20.

Batun kuɗi shi ne mafi raunin uzuri. Kuɗin gada ɗan kaɗan ne a aikin biliyoyi, kuma gina ta bayan shaguna sun cika bakin tasha yana nufin rusau da diyya. Shugabannin Kankiya da Kusada da wakilansu a majalisa su nemi ganin zanen tashar Katsina tun yanzu, su nemi irin wannan gada a bakin kasuwanninsu na kan titi.