Cutar Parkinson: Wahalar dare da likita ba ya jin labarinta

Rawar hannu ita ce abin da jama'a suka sani game da cutar Parkinson, domin ita ake gani da rana. Abin da ke faruwa bayan isha'i kuwa, sai wanda ke kwana ɗaki ɗaya da majinyacin.

Cutar na kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin sannu a hankali. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Idan ƙarfin maganin levodopa ya ƙare cikin dare, jiki ya kan sandare, juyawa kan katifa ta gagara, ga fitsari yana ta da mutum a kai a kai. Wata alamar ta fi tsoratar da iyali. A ƙa'ida, ƙwaƙwalwa na ɗaure gaɓoɓi lokacin mafarki, amma ga wasu masu cutar ɗaurin ya kan kwance, sai mutum ya yi ihu, ya kai naushi ko shuri yana barci. Wannan na iya somawa shekaru kafin rawar hannu. A gidaje da dama sai a ce iskoki ne ko sammu, a yi ta hayaƙi, ranar zuwa asibiti kuma babu mai tayar da zancen.

Mafi haɗari shi ne sayen ƙwayar barci wurin masu talla. Tsohon da ƙafarsa ba ta da ƙwari, idan ya tashi da magagin ƙwaya, faɗuwa da karaya ba su da nisa. Wasu magungunan taɓin hankali, irin su haloperidol, ƙara tsananta cutar ma suke yi.

Abin da ke taimako ba shi da tsada. Mai jinya ya rubuta lokacin shan magani da lokutan farkawa na mako biyu, ya kai wa likita, wanda zai iya gyara lokutan shan. A sauke katifa ƙasa, a ajiye fitila da fo kusa. Shayi da goro su tsaya daga la'asar, barcin rana ya zama gajere, a yi ɗan tattaki da hantsi.

Ƴaƴan da ke aiko kuɗin magani daga Abijan, Libiya ko Faransa su kula kada ya yanke, domin daina levodopa kwatsam na iya kai mutum gadon asibiti. Idan sun buga waya kuma, "lafiya lau" ɗin baba ba ta isa ba. Inna ce ta san sau nawa ya farka.