Yadda farashin gero zai iya tashi daga kasuwar Dogon Dutsi ya faɗa wayarka a Kwatano

Ɗan Arewa da ke ci-rani a Kwatano ko Legas ya san wannan kira: gida na neman kuɗin hatsi, shi kuwa bai san nawa ake sayar da tiya yau a Dogon Dutsi ko Tibiri ba. Sai ya bugo wa ɗan'uwa, ɗan'uwan ya tambayi wani, farashin ya iso da ƙari a kansa.

Masu fasahar manhajojin hira sun daɗe da maganin irin wannan matsala. Ana buɗe zaure guda a kan babbar kwamfutar da ke riƙe da hirar, duk mai so ya yi rajista, duk abin da aka wallafa a zauren kuma ya isa wayar kowa a lokaci ɗaya. Mai wallafawa bai ma san masu karɓa ba. Tsarin XMPP, wanda ya samo asali daga Jabber a 1999 kuma WhatsApp ya ginu a kan wani nau'insa, yana da wannan hidima.

Inda abin ya fi daɗi shi ne ba dole mutum ya zauna yana rubuta saƙon ba. Kwamfutar da ke tattara farashi za ta iya tura alƙaluman kai-tsaye ta HTTP, wato hanyar da waya ke buɗe shafukan intanet, tare da mabuɗin sirri da ke shaida ita ce. Telegram ma ya ba da irin wannan dama tun 2015.

Amfanin ba zato ba ne. Binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006 ya gano shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Hukumar SIMA kuma tana tattara farashin amfanin gona a ƙasar, alƙaluman na nan.

Sai dai duk wanda ya sace mabuɗin nan zai iya watsa farashin ƙarya ga dubban mutane cikin daƙiƙa, kuma dillalin da ya cika rumbu da gero na da dalilin yin hakan. Ga kuma tsohuwar da ke sayar da wake a ƙauye: ba ta karanta Faransanci, wayarta ba ta shiga intanet. In ba a haɗa zauren da saƙon murya cikin Hausa ba, ɗanta da ke Kwatano zai riga ta sanin farashin wakenta.