Idan kafso ya daina aiki: wa ke sa ido kan ƙwayoyin cutar da suka fi ƙarfin magani a Nijar?

A tashar mota ko bakin kasuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ba wuya mutum ya sayi kafso biyu ko uku hannun mai talla, ba awo, ba takardar likita. Da zazzaɓi ya sauka sai a ajiye sauran. Irin wannan shan antibiyotik na rabi da rabi na cikin abubuwan da ke ba ƙwayoyin bakteriya damar sabawa da magani: masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Ranar da ciwon gaske ya zo, a sha maganin kamar an sha ruwa.

Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya sakamakon ƙwayoyin da suka bijire wa magani. Yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki jin jiki, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Sai dai ƙiyasi ne, domin awon da zai tabbatar da adadin ya yi ƙaranci. Wani nazari da hukumar Africa CDC da abokan aikinta suka fitar a 2022 kan ƙasashe 14 ya gano cewa cikin ɗakunan awo kimanin 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke awon bakteriya. Likita ya ga maras lafiya, ya rubuta maganin da yake kyautata zaton zai yi, in bai yi ba ya canza wani.

Abin da aka gani a Maraɗi

Ɗan abin da aka auna a gida ya isa ya tada hankali. A wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar a wata cibiya a Maraɗi, kusan ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna. Cikin waɗanda suka zo ba su da su kuma aka sake aunawa, kusan dukkansu sun kwashe su kafin a sallame su. Ke nan ɗakin jinya kansa na iya zama wurin yaɗuwa in tsabta da ruwa sun yi ƙaranci.

A jihar Dosso kuwa an ga fuska biyu ta lamarin. Gwajin MORDOR, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna cewa bai wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin 100 a Nijar. Amma awon da aka yi a garuruwan ya nuna ƙwayoyin da ba sa jin wannan dangin magani sun ƙaru. Ceton ran yaro yau ba abin wasa ba ne, kare maganin don gobe ma haka. Ba wanda zai iya auna ribar da asarar sai da sa ido na dindindin.

Darasin sanƙarau

Nijar ta san amfanin sa ido. Cibiyoyin lafiya na aika rahoton cututtuka masu yaɗuwa kowane mako, ana kuma tura ruwan ƙashin bayan waɗanda ake zargin sanƙarau zuwa cibiyar CERMES da ke Yamai. Bayan rigakafin MenAfriVac da aka soma a 2010, nau'in A ya ja baya sosai. Da annoba ta ɓarke a 2015, ta kama sama da mutum 8,000 ta kashe fiye da 500, awo ne ya nuna cewa nau'in C ne, wanda wancan rigakafi ba ya karewa. Da wannan sani aka nemo allurar da ta dace.

Irin wannan tsari ake buƙata ga bijirewar magani. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta kafa tsarin GLASS a 2015 don ƙasashe su riƙa tattara sakamakon awo iri ɗaya, kuma a Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alƙawarin rage mace-macen da ke da nasaba da matsalar da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Cika alƙawarin na buƙatar ɗakunan awo a asibitocin jihohi, da lantarki maras yankewa, da kayan aiki, da ma'aikatan da aka horar, da hanyar kai samfur daga ƙauye kafin ya lalace. Dabbobi ma na ciki, tunda makiyaya da masu kiwon kaji na amfani da dangin magungunan da mutane ke sha.

Ɗan ci-rani da ke aiko kuɗin magani daga Aljeriya, Libiya ko Abijan na da ta cewa a nan. Kafin ya tura, ya tambaya: an je asibiti? An yi awo? Wa ya rubuta maganin? Mura ba ta jin antibiyotik, zazzaɓin cizon sauro kuma nasa maganin daban ne. Kuɗin awo na iya zama da nauyi, amma bai kai na sayen magani kala uku da ba su yi aiki ba.