Wayar Iska a Yaƙin Bama

Ku sani, ya jama'a, a shekarar 1944 sojan Afirka ta Yamma na Runduna ta 81, cikinsu har da 'yan Nijeriya, suna cikin kwarin Kaladan a ƙasar Bama, ƙungurmin daji da tsaunuka. Guzurinsu daga jirgin sama ake jefo shi da laima. To, ƙaƙa matuƙi zai san inda suka sauka?

Sai da wayar iska mai gajeren zango. Sirrinta kuwa shi ne, saƙonta yakan hau can sama, ya tarar da wani rufi na iska wanda rana ke sarrafawa, ya komo ƙasa bayan duwatsu, nisan mil ɗaruruwa. Amma rufin nan halinsa na rana dabam, na dare dabam. Zangon da ya yi aiki da hantsi yakan mutu bayan magariba, tilas a sake wani. Akwatin da batir kuwa a ka ake ɗaukarsu, kamar kayan fatake.

Aibinta guda: Japanawa ma suna saurare. Saboda haka saƙo sai an ƙulle shi da haruffan asiri kafin a buga, don kada a nuna wa abokan gaba masauki.