Mai Ciwon Sukari a Ƙasar Gobir: Me Zai Ci, Nawa Zai Ci?

Alkalawa ta yi zamaninta a bakin gulbin Rima. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin Gobir, a nan kuma rundunar jihadi ta ci Sarki Yunfa da yaƙi a 1808. Tsohon birnin ya zama kufai, amma ƙasar da ke kewaye da shi, daga Sabon Birni zuwa Isa har kan iyakar Maradi, ba ta daina ba da abinci ba. Tudu yana ba da gero, dawa, wake da gyaɗa. Fadama tana ba da shinkafa, albasa da kayan lambu, gulbi kuma yana ba da kifi.

Duk da haka, ranar da aka auna jinin magidanci a asibiti aka ce masa "kana da suga", yakan koma gida yana ganin babu abin da ya halatta gare shi a cikin wannan arziki. Maƙwabta su taru, kowa da tasa fatawar: wannan ya ce a bar tuwo, wancan ya ce a bar fura, wani ya ce sai alkama da acca. Kafin wata biyu mutum ya rame ya lalace, aljihu ya bushe, ya fusata ya koma cin duk abin da ya ga dama. Alhali mafi yawan abin da yake bukata yana cikin rumbunsa da bayan ɗakinsa. Gyaran da ake nema yana cikin yawan abin da ake zubawa, da yadda aka sarrafa shi, da lokacin da ake ci.

Cutar ba ta masu kuɗi ba ce kaɗai. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ita, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da ita ba. A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin da ke zaune a birnin Sakkwato, suka sami cutar a jikin kashi 4.6 cikin 100. Da suka auna 'yan'uwansu na karkara, ba ta kai kashi 1 ba. Jini ɗaya, asali ɗaya. Abin da ya raba su shi ne cima da zama. Matsalar ita ce cimar birni ta daɗe da isowa ƙauye: burodi, taliya, farar shinkafa, lemon kwalba da shayi mai kauri suna kan teburin kowace tasha.

Duk abinci mai sitaci, tuwo ne ko rogo ko burodi, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama sukari ya shiga jini. Wani sinadari da jiki ke yi, mai suna insulin, shi ke kwashe sukarin ya kai shi inda za a ƙona shi a sami ƙarfi. Mai ciwon sukari ko dai insulin ɗinsa ya yi ƙaranci, ko kuwa jikinsa ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru a jini, a hankali yana cin ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa. Saboda haka tambaya biyu ce a gaban kowane kwano: nawa ne sitacin da ke ciki, kuma da wane sauri zai shiga jini?

Wannan ma'auni shi ke tona asirin alkama. Ta yi suna a matsayin abincin masu suga, har mutum ya sayar da tiyar gero ya cika kuɗi ya sayo garinta. Amma alkama, gero da dawa duk kusan kashi 70 cikin 100 nasu sitaci ne. Wanda ya tashi da malmala uku ta tuwon alkama, sukarinsa zai hau kamar yadda zai hau da malmala uku ta tuwon dawa. Acca ma hatsi ce, ba magani ba. Babu dalilin da zai sa Bagobiri ya raina geronsa.

Inda gero da dawa ke rasa darajarsu shi ne a turmi da inji. Surfe mai tsanani yana kwashe dusa, kuma a cikin dusar nan ne harzar da ke rage saurin narkewar abinci take. Daga nan a kai inji a niƙe luƙui, a tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwon zai yi fari ya yi santsi, uwargida ta sha yabo, amma ya fi saurin zama sukari. Ga mai wannan ciwo, gara a sassauta surfe, a bar gari da ɗan tsaki-tsaki. Burabusko da dambu, musamman dambun da aka cika da zogale ko rama, sun fi tuwo mai laushi zama a ciki.

Sai batun yawa, wanda shi ne mai wuyar. Masana abinci suna koyar da a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko nama ko ƙwai, kwatan da ya rage kuma tuwo ko shinkafa. A gidan Bahaushe akasin haka ake yi, tuwo ya cika kwano, miya ta ɗan lulluɓe samansa. Juya wannan tsari ake so a yi: malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannun mai ci, miyar kuɓewa ko kuka ko yakuwa mai yawa, da kwaɗon ganye a gefe wanda za a fara da shi. Kuma ba a iya aunawa a cikin kwanon tarayya, inda hannu biyar ke shiga suna fita, kowa yana sauri kada a bar shi a baya. Ba sai mutum ya ware daga cikin jama'a ba. A zuba masa nasa a kwanonsa, ya zauna a tabarma ɗaya da kowa. Wannan aiki a hannun mai girki yake, shi ya sa ranar ganin likita ya kamata a tafi da ita ta ji da kunnenta.

Ganye kuwa ƙasar Gobir ba ta rasa shi ba. Da damina tafasa, lalo da rama suna fitowa har a bakin hanya, zogale yana tsaye a gidaje. Matan da suka saba shanya ganye da kuɓewa don rani sun riga sun san rabin aikin. Wake ma ya cancanci sunan da ya yi: kusan kwatansa furotin ne, ga harza, kuma sukarinsa a hankali yake shiga jini. Alala da dafaffen wake sun fi ƙosai, wanda ke shan mai. Ɗanwake kuma a lura da shi, domin sau da yawa garin rogo ko fulawa ya rinjayi waken. Idan garau-garau za a yi, wake ya fi shinkafar yawa.

Fura ita ce inda gardama take. A wannan yanki ba abin marmari ba ce, ita ce abincin rana, ita ake tarar baƙo da ita, ita ake kai wa manomi gona. Wanda ya ce wa dattijon Gobir ya bar ta har abada, ya san ba za a bi maganarsa ba. Za a ce masa "to" a asibiti, a dama a gida. Gaskiyar magana, fura gero ce da aka daka aka dafa aka sake kirɓawa, kuma abin da aka sha ya fi abin da aka tauna saurin isa jini. Ga shi ludayi ba ya da lissafi: mutum yana hira yana kurɓa har ƙwarya ta ƙare. Dabarar ita ce a rage dawo a ƙara nono, kada a sa sukari ko kaɗan, a auna a kofi maimakon a ajiye ƙwarya a gaba, kuma a ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokaci gaba ɗaya. Wanda ya ci tuwo ya kora da fura ya ci abinci biyu ne a zama ɗaya. Haka hukuncin koko da kunu yake.

Lemon kwalba da kunun zaƙi ba su da irin wannan uzuri. Robar lemo mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari giram 50, kimanin ƙananan cokula 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda lafiyayyen babba ya sha a yini guda. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha bai hana kowa saye ba. A teburin mai shayi ma, tsakanin sukari, madarar gwangwani mai zaƙi da rabin burodi, karin kumallo ɗaya ya isa ya ɓata awon yini. Zoɓo ba laifinsa ba ne, laifin abin da ake zuba masa ne.

Zuma, mazarƙwaila da rake duk sukari ne, ko da daga daji ko gona suka fito. Dabino ɗaya ko biyu, ba cikin tafi ba. Mangwaro ƙarami guda ya isa a lokacinsa. Yalo da gurji kuwa a ci a more.

Idan aka haɗa wannan duka, yinin mai ciwon sukari a Isa ko Sabon Birni ba zai bambanta da na iyalinsa sosai ba. Da safe kofin koko marar sukari da alala ko dafaffen ƙwai. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan dafaffen wake, ko kofin fura mai yawan nono. Idan yunwa ta taso da la'asar, gyaɗa cikin tafi ɗaya. Da dare malmala guda da miya mai yawa da ɗan kifi, a ci da wuri, a ɗan taka zuwa masallaci ko a zaga tsakar gida kafin a kwanta. A rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri a koma wa daddawa, domin hawan jini abokin tafiyar wannan ciwo ne, kuma abin da ake so kada gishirin yini ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba, kuma ya fi kusa da mutanen wannan yanki: yunwa a kan magani. Shekarun rashin tsaro sun raba mutane da gonakinsu, sun tura dubbai gudun hijira zuwa jihar Maradi, sun sa hanyar Sakkwato ta zama abin fargaba. Mai cin abinci sau ɗaya a yini ba ya zaɓe. Manomin da ya sha ƙwaya irin glibenclamide ko ya yi allurar insulin da safe, ya kama noma ciki babu komai, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo. Zai fara karkarwa, gumi ya keto masa, ya ji jiri, maganarsa ta rikice, har a ɗauka iska ce ta taɓa shi a tsaya ana tofi. Abin da zai cece shi a wannan lokaci shi ne abin da aka hana shi kullum: ƙananan cokula uku ko huɗu na sukari a ruwa, sannan ya ci abinci. Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Duk mai shan irin waɗannan magunguna ya riƙa yawo da ƙullin sukari a aljihu, kuma idan abinci ya yi ƙaranci a gida ya gaya wa likita don a daidaita masa magani.

Azumi ma haka. A ga likita tun a Sha'aban, a jinkirta sahur, a yi buɗa-baki da ruwa da dabino ɗaya kafin a bi kan kunu. Ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don awo ba ya karya shi.

Masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa suna rantsuwa cewa garinsu yana wanke suga tas cikin mako guda. Ɗaci ba ya kashe zaƙin da ke cikin jini. Shuwaka da zogale abinci ne masu kyau a miya, amma wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma jiƙe-jiƙe, sau da yawa gyambon ƙafa ko dushewar gani ne ke mayar da shi asibiti.

Wanda ke yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta sakinsa, yana rama ba dalili, ko ya ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ya je asibiti mafi kusa da sassafe kafin ya ci komai, a auna shi. Awon da ya kai 126 ko ya wuce, idan aka maimaita wata rana aka sake samun haka, ciwon sukari ne, kuma ranar ce ya kamata a fara auna malmala.